Araha Ba Ta Ado

  

Sharhinmu na yau a kan sutura ne. Tufafi na cikin abubuwan da suka fi cin aljihun magidanci. Ga kayan sallah. Ga anko. Ga lefe. Ga kayan fitar suna. Ga na makarantar yara. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, duk wanda ya leƙa kasuwar Kantin Kwari a Kano ya san inda kuɗin turmin atamfa ya kai.

To, ta yaya mai ƙaramin ƙarfi zai suturta kansa da iyalinsa, ya fita kunya, bai ci bashi ba, bai kuma ci haƙƙin kowa ba? Amsar da nake tafe da ita gajeriya ce. Kaɗan mai ƙarko, a riƙe shi da kyau, a biya mai haƙƙi. Ku riƙe wannan, don za ku sake jin ta kafin mu rabu.

Bari mu fara da lissafi, tunda aljihu ne ke ciwo.

A ce uwargida ta shiga kasuwa, ta ga atamfa iri biyu. Ɗaya naira 8,000, ɗaya naira 20,000. Misali nake bayarwa, kowa ya sa farashin garinsu. Ta ɗauki mai araha. Ta kai wa tela, ya karɓi 5,000. Ta sa sau goma, ta wanke sau biyar. Atamfa ta zuba, ta koɗe, ta yi laƙwas. Ba ta sake fita unguwa da ita ba. Kowace sawa ta tashi a kan naira 1,300 ke nan.

Maƙwabciyarta ta daure ta ɗauki mai tsadar. Tela ya karɓi 5,000 ɗin nan dai, don keke bai san bambancin atamfa ba. Ta sa sau ɗari cikin shekara uku, har yanzu launi na nan. Kowace sawa ta tashi a kan naira 250.

Mai sauraro, wa ta sayi araha a cikinsu? Magabata sun riga sun yanke hukunci: araha ba ta ado. Ni kuma na ƙara da cewa talaka shi ya fi kowa buƙatar kaya mai ƙarko. Mai kuɗi in rigarsa ta koɗe, gobe zai ɗinka wata. Talaka in tasa ta koɗe, sai wata sallar.

Sai dai a lura. Tsada kaɗai ba ta nuna kyau. Kasuwa cike take da jabu, an buga masa tambarin na asali. Don haka batu na biyu shi ne, ta yaya za ka gane mai ƙarko?

Yi amfani da hannunka da idonka kafin ka ciro kuɗi. Ɗaga yadin ka duba shi a haske. In saƙar ta yi shara-shara, kana hango mai shago ta ciki, ajiye. Murza gefen yadin tsakanin yatsunka. In wani farin gari ya zubo, yadin kuma ya saki, sitaci ne aka cika masa, wanki ɗaya zai tona asirinsa. Jiƙa farin hankici ka goga a bakin atamfa. In ya ɗauko launi da yawa, za ta zuba. Juya ta ka ga bayanta. Atamfa ta ƙwarai gaba da baya kusan ɗaya suke.

Akwai kuma gwajin da tsofaffin teloli suka sani. Zare zare ɗaya daga ƙyalle, ka kusanta shi da ashana. In auduga ce, zai ci ya bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. In roba ce, zai narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri. Wannan yadin roba-roba daga man fetur ake yin sa. Shi ne ke dafa mutum a watan Afrilu, ya riƙe gumi, ya riƙe wari. In ya mutu kuma ba ya ruɓewa. Yana nan a bola, ko a cikin kwata, yana jiran damina ya toshe wa ruwa hanya.

Na san abin da wani ke faɗi a ransa yanzu. Malam, duk mun ji, amma kuɗin ne babu a dunƙule. Gaskiya ne. Wanda ke neman na cefanen yau, ba a yi masa wa'azin shadda. Amma akwai dabara, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Adashi dabara ce. Matan da ke zubi don kayan ɗaki za su iya zubi don turmi ɗaya mai kyau. Lokacin saye ma dabara ne. Kowa ya san kaya na tashi in azumi ya raba tsakiya, tela kuma ya ƙara kuɗi. Wanda ya sayi yadinsa tun watan Rajab, ya kai ɗinki tun Sha'aban, ya huta da tsada, ya huta da zarya. Rage yawa ma dabara ce. Maimakon kala uku marasa ƙarko, a yi ɗaya mai kyau. Bana ɗaya, baɗi ɗaya. Cikin shekara huɗu akwati ya cika da abin da ake iya fita da shi.

Zaɓen launi da ɗinki ma yana rage kashe kuɗi. Maigida, farin yadi ko ruwan toka ko shuɗi yana shiga masallaci, ya shiga ofis, ya shiga ɗaurin aure. Hula kawai za ka sauya. Uwargida, mayafi ɗaya mai launi natsattse yana hawa atamfa biyar. Ɗinkin yayi kuwa, wanda ake yanka turmi gunduwa-gunduwa, in yayinsa ya wuce shi ke nan. Riga da zani ba sa tsufa. Zani falle ne, ko jiki ya ƙaru ko ya ragu, yana nan yana ɗauruwa.

Kaɗan mai ƙarko ke nan. Yanzu mu juya ga batu na uku, wanda ya fi nauyi. In ka ga riga ta yi arahar da hankali bai ɗauka, to wani ne ya biya cikon.

A watan Afrilun 2013, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a kusa da birnin Dhaka na ƙasar Bangaladash. Masana'antun ɗinki ne a ciki. Fiye da mutum 1,100 suka rasu, mafi yawansu mata matasa. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage. Duk da haka aka ce su koma bakin keke. Kayan da suke ɗinkawa na manyan kantunan Turai da Amurka ne, waɗanda ke gasar sayar da riga da araha. Irin waɗannan rigunan ne, bayan an sa su sau 'yan kaɗan, ake ɗaure su a dila a turo mana.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Mu ma mun biya namu kason. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri ta Kaduna. Wasu suka biyo baya, irin su Arewa da UNTL. Kano ma ta yi nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Manomin auduga a Funtua da Malumfashi da Gusau ya san inda zai kai amfaninsa. Dubban magidanta na cin abinci. Sai rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da kayan fasa-ƙwauri masu araha suka haɗu suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002. Ma'aikata da dama sun rasu suna jiran kuɗin sallamarsu. Gyaran wannan aikin hukuma ne, ba na mai sayen turmi ɗaya ba. Amma ya kamata mu san cewa arahar nan da muke murna da ita ta ci ayyukan iyayen wasu.

To, mai sauraro, ba ka da iko da Dhaka. Ba ka da ikon tayar da Kakuri. Amma akwai ma'aikacin tufafi ɗaya da haƙƙinsa ke hannunka kai tsaye. Shi ne telan unguwarku.

Leƙa shagonsa a goman ƙarshe na azumi. Ƙarfe biyun dare. Janareta na ruri da man da ya saya da kuɗinsa. Yaran shago uku, ɗaya na sa maɓalli, ɗaya na guga, ɗaya ya kife kai a kan tarin yadi barci ya sace shi. Mun iya zagin tela da saɓa alkawari, kuma wasu sun cancanci faɗan. Amma mu nawa ne muka karɓi ɗinki muka ce sai bayan sallah, bayan sallar kuma ta zama baɗi? Mu nawa ne muka biya shadda lakadan ba tayi, muka zo muna ja-in-ja da tela a kan canji?

Haka mai ɗinkin hula. Mace ce a cikin gida, a Maiduguri ko Kano, ta shafe makonni tana soka allura har idonta ya yi ja. Haka masu aikin babbar riga a birnin Zariya, masu fitar da aska takwas da hannu. Haka ɗan wanki da guga. Addininmu ya tsananta a kan haƙƙin wanda aka sa aiki. Rigar da ba a biya ɗinkinta ba, ko an fesa mata turare, akwai nauyi a wuyanta. A biya mai haƙƙi, a kuma biya shi a kan lokaci.

Batu na huɗu, gwanjo. Wasu na jin kunyar a gan su a Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna. Babu abin kunya. Rigar da aka riga aka ɗinka, in ka sa ta, ba a sake noma auduga dominka ba, ba a sake rini ba. Rigar sanyi ta yara, wandon aiki, bargo, labule, sau da yawa na gwanjo ya fi sabon roba ƙarko. Je da wuri ranar da ake fasa dila. Duba wuya da hammata. Ja zik sama da ƙasa. Juya wando ka ga ɗinkin tsakiya. In ka kai gida, wanke shi da ruwan zafi, ka shanya a rana, ka goge kafin kowa ya sa.

Sai dai gwanjo ma yana da ɗaya fuskar. 'Yan uwanmu masu sauraro a Ghana sun san kasuwar Kantamanto ta birnin Accra. Miliyoyin tufafi ke sauka can duk mako. Masu bincike sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, shara suke zama. Suna cika bola, suna toshe magudanai, teku na amayo su a gaɓa. 'Yan mata 'yan dako, da yawansu daga arewacin ƙasar, su ke ɗaukar dilolin a ka. Ɗan kasuwa ya ci bashi ya sayi dila bai ga cikinta ba, ya fasa ya tarar da tsumma. Saboda haka ko gwanjo ne, sayi abin da za ka sa. Kada don an ce uku naira kaza ka kwaso goma, bakwai su ƙare a ƙarƙashin gado.

Yanzu batu na biyar, kuma shi ne wanda ba ya buƙatar ko kwabo. Riƙo.

Yawancin tufafinmu wanki ne ke kashe su kafin sawa ta kashe su. A jiƙa atamfa cikin omo tun safe har la'asar. A dirje ta kamar an yi faɗa. A baza ta a ranar tsaka ta wuni. Yaya ba za ta koɗe ba? Sabulu mai laushi ya isa. Juya rigar ciki waje. Shanya mai launi a inuwa, da ta bushe a kwashe. Raba fari da mai zuba. Shadda ba ta son dirza, kuma bugu ya fi mata dutsen guga mai zafi. In ka dawo daga masallacin Juma'a, cire ta fita ka rataye ta sha iska, ka sa ta zaman gida. Ba kowace sawa ce ke buƙatar wanki ba.

Allura da zare kuma su zauna a kowane ɗaki. Maɓalli ya yi lako-lako, ɗaure shi yau kafin ya ɓata. Hammata ta fara buɗewa, kama ta tun tana ɗan yatsa. A koya wa yara, maza da mata. In za a ɗinka wa yaro, ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da hannun riga. Baɗi a warware, riga ta bi shi. In ta yi masa kaɗan, ƙaninsa na nan. Ragowar ƙyalle kuma a karɓo daga wurin tela. Ɗankwali ne, rigar jariri ce, abin banki ne.

Ku tuna yadda kakanninmu ke yi da zani ɗaya. Yana sabo, na fita unguwa ne. Ya ɗan kwana biyu, ya koma na zaman gida. Daga nan ya zama na goyo. Ya yi laushi, a yanka a yi wa jariri shimfiɗa. Can ƙarshe ya zama tsumman sauke tukunya. Babu ranar da aka jefar da shi da sauran amfani. Kwance kuma ba abin raini ba ne a wancan lokaci. Yaya ta ba ƙanwa, uwar ɗaki ta ba 'yar ɗakinta, a karɓa da godiya. Turawa yanzu suna ta taro suna neman hanyar da tufafi za su daina zama shara. Ga hanyar nan a ɗakin kakarka.

Amma in za a ba da kwance, a ba da mai mutunci. A wanke, a goge, a ninke. Abin da kai ba za ka iya sawa ba don ya yage, ba sadaka ba ne.

To, jama'a, mun zo inda gizo ke saƙa. Anko.

Asalinsa abu ne mai kyau, alamar zumunci da tarayya cikin farin ciki. Amma dubi inda muka kai shi. Biki ɗaya, anko uku. Na kamu daban, na wuni daban, na dina daban. Na ƙawaye daban, na dangin uwa daban. A sa sau ɗaya, a ɗauki hoto, a jefa a akwati, don kowa ya riga ya gan shi a waya. Mata nawa ne suka taɓa jarin sana'arsu don anko? Nawa ne suka ƙi zuwa bikin 'yar uwa don ba su samu sun yi ba? Nawa ne dillaliya ke yi wa sallama da sassafe saboda bashin leshi? Zanen aro ba ya rufe katara, na bashi ma haka.

Iyayen biki, maganin na hannunku. Ku fitar da anko ɗaya tak. Ku zaɓi atamfar da za a ci gaba da sawa bayan biki. Ko ku faɗi launi kawai, kowa ya buɗe akwatinsa ya ɗauko abin da yake da shi. Ku faɗa da bakinku cewa wanda bai yi ba ma ya zo, kujerarsa na nan. Kalma ɗaya daga uwar amarya tana sauke wa mata hamsin nauyi. Lefe ma haka. Akwati biyu na kaya masu ƙarko sun fi amfani ga amarya a kan shida da aka cika don idon 'yan kallo.

Kafin mu rufe, batu na ƙarshe, kayan gida. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har gobe, da baba da toka da ruwa. Garin Kura ya yi suna da baƙin rini mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa. Masaƙa na nan a ƙauyuka suna fitar da saƙi da gwado da luru. Ba na cewa kowa ya koma sa saƙi kullum. Aikin hannu yana da tsada, kuma ya cancanci tsadarsa. Amma in Allah ya hore, a sa ko guda ɗaya a lefe. Farar rigar da ta dafe, kafin a yar da ita, a kai ta marina ta dawo shuɗiya. Kuɗin da ka ba marini ko masaƙi a garinku yake kwana, ya shiga hannun mai hatsi da mai kayan miya.

Masu sauraro, kaɗan mai ƙarko, a riƙe shi da kyau, a biya mai haƙƙi. Ga roƙona gare ku a wannan mako. Kafin kowa ya nufi kasuwa, ya fara buɗe akwatinsa. Ware abin da kake sawa. Ware mai buƙatar allura, ka kai gyara. Ware wanda ya shekara ba ka taɓa ba, ka ba wanda zai sa. In tela na bin ka, je ka sallame shi, ko da rabi ne, ka faɗa masa ranar cikon. Sannan in da sauran buƙata, sai a je kasuwa da ido buɗe.

Matasa, kada hoton waya ya sa ku raina abin da iyayenku suka iya yi muku. Tsafta da guga da natsuwa suna ɗaga tsohuwar riga. Teloli, ku ma ku riƙe alkawari, ku ƙarfafa ɗinki, ku mayar da ragowar yadi.

Allah ya rufa mana asiri, ya suturta mu duniya da lahira, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke da shi.